Harsashin da Ba Ya Tada Mai Barci

Kafin na ce komai ina so a sani cewa ɗana Elvio ba mugun yaro ba ne. Ba ya faɗa, ba ya kwana a waje, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ciwonsa ɗaya ne, ba a taɓa ɗauko wata magana a gabansa ya ce bai san ta ba. In likita ya rubuta mini magani sai Elvio ya gyara masa. In muka kira mai gyaran famfo, shi zai tsaya a kansa yana koya masa aiki har mutumin ya tattara kayansa ya tafi, mu wuni muna kwashe ruwa da bokiti. Ya haura talatin, yana tuƙa motar ɗaukar madara, kuma shi kaɗai ya rage mini a gida. Yayyensa mata biyu ne, ɗaya tana birnin Rosario, ɗaya ta tsallake teku, jikokina ma sai a waya nake ganinsu. Tun da ubansa ya rasu, in na ɗora tukunya don Elvio na ɗora.

Kulob ɗin harbi na garinmu ya girmi kakana. Da can a bayan gari yake, tsakanin gonaki, amma gari ya yi ta matsowa har gidan Donya Irma, wato Uwargida Irma, ya zo ya jingina da katangarsa. Mazanmu kuwa ba su da lokacin harbi sai ranar Lahadi bayan abincin rana, domin da safe akwai tatsa da coci, da la'asar kuma shanu suna jiran tatsa ta biyu. Wato daidai lokacin barcin rana ke nan. A garin nan ka zagi mutum zai iya yafe maka, amma ka tashe shi daga barcin rana, har jikokinka sai sun ji labari.

Irma tare muka yi firamare, na san bakinta. Ta kai ƙara wurin ciyaman ɗin gari, Ovidio, ta ce tun da ta tare a gidan nan ba ta runtsa ba ranar Lahadi, mijinta kuma hawan jininsa ya tashi. Kullum sai ta je ofis ta zauna da saƙarta a gaban teburinsa, har ya gaji ya kira taro a zauren kulob. Ina wurin, don ni ce nake soya musu empanada, samosarmu mai nama a ciki.

Shugaban kulob, Baba Celso, tsoho ne da ya kusa tamanin, da sandarsa. Ya miƙe ya yi bayani a tsanake. Ya ce akwai wani albarushi da ake yi a ƙasar waje, marar nauyi, mai kumburi kamar dusa. Yana cika kwanson harsashi fal amma ƙarfinsa kaɗan ne, sai dalma ta fita a hankali, ba ta kai gudun sauti ba, don haka babu wannan tsawar da take tsaga kunne. Ya ce matsalar ita ce ya daɗe da yankewa a ƙasar, ya dai sa surukinsa ya nema a birni, amma babu wanda ya san ranar zuwansa. Ya roƙi a yi haƙuri. Ciyaman ya dubi Irma, Irma ta ci gaba da saƙa, sai ya ce shi kam haƙurinsa ya ƙare.

A nan na ji kujera ta motsa a bayana. Ban ma waiwaya ba na san Elvio ne.

Elvio ya ce wannan albarushin ai na ragwaye ne, waɗanda ba sa son wahalar da ƙwaƙwalwa. Ya ce ya kalli yadda ake yi a waya, ya ma gano kurakuran masu yin. Da albarushin da kowa yake da shi a gida zai haɗa harsashin da za a harba kusa da jariri bai motsa ba. Wani daga baya ya ce ya fara samun allon da ake auna wa da harsashi mai ƙarar tukuna. Elvio ya ce allon ne ba a kafa shi daidai ba, ya sha faɗa.

Ciyaman ya ce ba sai an nemo jariri ba, shi ya fi jariri saurin farkawa, ko matarsa ta ja silifa sai ya buɗe ido. Ranar Lahadin bikin kulob zai zo ya yi barcinsa a barandar Irma, Elvio ya yi harbinsa. In bai farka ba, kulob ya ci gaba. In ya farka, a sa wa kulob kwaɗo lokacin barcin rana. Baba Celso ya ƙara da cewa kuma dole dalma ta taɓa allo, in ba haka ba ai ba harbi ba ne.

Da a nan aka tsaya da ban rubuta wannan ba. Amma aka yi dariya, Elvio kuwa ba ya jure dariya. Ya taka har bangon da aka rataye hotunan tsofaffin gwanaye, ya ɗora hannu a kan hoton kakansa.

"In ciyaman ya farka," in ji shi, "ni Elvio Gaspoz na bar garin nan, ba zan sake shan ruwansa ba."

Mutane suka tafa. Ni kuwa man da nake suya da shi ya ƙone ban sani ba. Na san jinin gidan da na aura. Wan ubansa ya taɓa rantsewa ba zai sake shiga gidan ƙanwarsa ba saboda gardamar kan iyakar gona, ranar da ta rasu a bakin ƙofa ya tsaya ya yi ta kuka. Ba su da wayo sosai, amma in suka yi rantsuwa a gaban mutane sai sun cika.

A hanyar gida na ce masa, Auta, me ya kai ka. Ya ce, "Tsohuwa, ki kwantar da hankalinki. Ki fara tunanin rigar da za ki sa ranar da 'yan jarida za su zo."

Washegari ya buɗe ɗakin bayan kicin inda kayan ubansa suke, injin matse harsashi da ɗan sikeli da gwangwanayen kwanso. Ya zaunar da ni ya yi mini lacca da ƙoƙon mate, ganyen shayin da muke sha, a hannu. Ya ce in ka zuba albarushi kaɗan a babban kwanso, zai kwanta ne a gindi kamar ragowar ganye a ƙoƙo, sauran wurin duk iska. To sirrin da Turawa suke ɓoyewa shi ne a cike wurin da wani abu marar nauyi. Na ce wane abu. Ya dubi matashin da nake jingine da shi.

Da audugar matashina aka yi gwajin farko, a tudun ƙasar da ke bayan gidanmu. Ƙarar da ta tashi sai da tantabarun coci suka watse. Audugar ta fito da wuta a jikinta ta sauka a kan zanen gadon da na shanya, wanda na ajiye don baƙi. Muna kashe wuta da tsintsiya sai ga Irma a ƙofa da butar ruwan zafi a hammata, wai ta zo mu sha mate. Tun da muka bar makaranta ba ta taɓa zuwa shan mate gidana ba.

Ta ce daga gidanta ta ji, ta ɗauka tayar babbar mota ce ta fashe. Elvio ya ce abin da ta ji ba harbin ba ne, amsa-kuwwa ce, harbin kansa shiru ne. Ta ce to ya yi ƙoƙari ya haɗa amsa-kuwwar da ba ta ƙona zanen gado.

Daga ranar kullum sai ta zo. Ta samu kujera a ƙarƙashin itacen lemo ta mai da ita tata.

Bayan auduga sai takardar banɗaki. Ya kwashe duk wadda ke gidan, ya zauna yana yayyagawa yana cusawa da tsinke. Da ya harba, farin abu ya cika tsakar gida yana saukowa a hankali kamar wanda ake yayyafa wa ango da amarya a ƙofar coci, ya manne a kan tumatirin da na yanka na shanya, ya manne a gashin Irma. Ta kaɗe kafaɗa ta ce, "Nelida, ashe aurar da shi kika yi ba ki gaya mini ba? Ina amaryar?"

"Amaryar tana jiran na yi suna, Donya," in ji Elvio. "Ke dai ki gyara barandarki."

"Na gyara. Har akwatin tafiya na goge, ko za a buƙata."

Ranar ban iya cin abinci ba.

Sai ya tuna ubansa ya taɓa cewa mutanen da suna cike kwanso da tsakin masara, irin wanda muke tuƙa tuwonmu na polenta da shi. Ya ɗauke mini buhun gaba ɗaya. Yanzu in ya harba sai gida ya ɗauki ƙamshin gasasshiyar masara, kajina kuma suka gane, da sun ga ya fito da bindiga sai su jeru a bayansa kamar masu rakiya. Ƙarar dai ta ragu, amma ba ta tafi ba. Sai ya ce yana buƙatar mai barci na gwaji, kuma ba shi da kowa sai ni.

Ya sa na kwanta a ɗakina bayan abinci, na rufe ido, ya je ya harba ya dawo ya tambaye ni ko na ji. To ni tun ranar da na haifi yaron nan ban sake barci mai nauyi ba. Ko juyi ya yi a gado ina ji. Ga kuma rantsuwa a kaina. Ina kwance ne kunnuwana a tsaye, ina cewa a raina in ni na ji ai ciyaman ma zai ji. Sai na ce na ji, Auta. Ya koma ya rage albarushi ya ƙara masara. Ya sake harbawa, na ce na ji. Ya sake ragewa. Har aka kai inda abin da nake ji bai wuce a buɗe kwalbar lemo ba, amma dai ina ji, kuma ba zan yi wa ɗana ƙarya a kan abin da zai raba ni da shi ba. Ya ce kunnuwana ba na mutane ba ne. Ya sake ragewa.

Tudun da yake harbi kuwa ɗan taku kaɗan ne daga inda yake tsayawa. Na ce masa allon kulob fa da nisa, bai kamata ya gwada a can ba? Ya ce in ya gwada a can za a sace masa fasaha. Baba Celso ya zo da kansa, ya tsaya a ƙofar ɗakin bayan kicin ya ce a nuna masa abin da ake zubawa. Elvio ya tare ƙofa ya ce sai an yi wa abin rajista, ya ma raɗa masa suna, Harsashin Gaspoz Mai Ladabi. Tsohon ya ce, ɗana, albarushi ba miya ba ce da ake ɗanɗanawa a ƙara gishiri, in ya yi yawa matsala, in ya yi kaɗan ma matsala. Elvio ya dafa kafaɗarsa ya ce ya gode, amma zamani ya canja. Baba Celso ya fita yana girgiza kai, kaji suka raka shi har ƙofa.

Ranar bikin ta zo da zafi irin na watan Janairu, wanda a ƙasarmu shi ne tsakiyar bazara, ko ganye ba ya motsi. Ni dai na yi abin da uwa za ta iya. Tun da asuba na murza taliya, na dafa ta da miyar nama mai kauri, na aika wa ciyaman babban kwano da kwalbar jan ruwan inabi, ban da gasasshen haƙarƙarin da aka ba shi a kulob. Na ce ko doki ne ya ci wannan sai ya kwanta. Ashe Irma ma ta yi nata shirin. Yana hawa barandarta ta tarbe shi da baƙin kofi mai ɗaci, wai al'adar gidanta ce ba a kwanciya sai an sha. Matar ciyaman ce ta karɓe kofin ta ce ba a zo da wannan a sharaɗi ba.

Duk garin ya zo. Mutanen da suka kai ƙara don a bar su su yi barci, babu ɗaya da ya kwanta ranar. Wasu sun cika rumfar 'yan kallo a cikin kulob, wasu sun jeru a kan katanga, daga nan kana ganin filin harbi a hagu, barandar Irma a dama. Aka kafa gadon zango. Ciyaman ya cire riga ya rage singileti, ya ɗaga wa jama'a hannu kamar ranar zaɓe, ya kwanta. Aka shirya cewa in ya fara minshari matarsa za ta ɗaga farin tawul. Baba Celso kuma ya zagaya ya gaya wa 'yan kulob ɗaya bayan ɗaya cewa duk wanda ya yi ko tari ne, ya ɗauka ya fita daga kulob har abada.

Sai barci ya ƙi zuwa. Wa zai yi barci mutum ɗari biyu suna kallon cikinsa yana hawa yana sauka? Ya juya dama, ya juya hagu. Ya tashi ya ce a daina kallonsa. Kowa ya juya baya, sannan kowa ya leƙo ta kafaɗa. Ya ce matashin ya yi tauri, aka canja. Ya ce wani yana tauna abu, aka kama mai tauna aka fitar. Rana tana ta tafiya, masu shanu suna duba agogo. Ina zaune kusa da Baba Celso a layin gaba, na haɗa duk waliyyan da na sani ina roƙo. Can dai taliyata ta yi aikinta. Muka ji wani gurnani kamar ana jan tebur, farin tawul ya tashi.

Elvio ya fito. Ya sa farar riga da na goge masa, da baƙin tabarau, da manyan abin toshe kunne irin na masu gasa. Irma, da ke leƙowa ta katanga, ta raɗa wa ta kusa da ita, yadda duk za mu ji, cewa mai harsashin shiru me zai yi da toshe kunne. Ya ɗora bindigar kakansa a kan teburin harbi, can gaba da mu, bayan shingen katako. Tsakaninmu da shi tsakuwa ce shimfiɗe, irin wadda ko kyanwa ta taka sai ta yi ƙara.

Ya saita ya ja kunama. Bindiga ta ce fuf. Ɗan hayaƙi mai ƙamshin masara ya tashi, kuma a karo na farko a rayuwata na ga dalma da idona tana tafiya. Ta yi sama kaɗan, ta gaji, ta sauko a tsakiyar fili, ta yi tsalle biyu kamar kwaɗo ta kwanta. Minshari bai yanke ba. Elvio ya waiwayo ya ɗaga mana babban yatsa.

Na biyu ko tsakiyar ba ta kai ba. Ta faɗi kusa, ta gangara ta tsaya a gindin wata ciyawa. Manyan maza suka cusa huluna a baki. Mahaucin garinmu, ƙato guda, ya durƙusa ya rungume turke, kafaɗunsa suna rawa, hawaye na zuba, amma ko uffan. Elvio ya nuna sama da yatsa, wai iska ce. Ganye ko ɗaya bai motsa ba.

Na uku ko fuf ɗin babu. Wani ɗan ƙis kawai, shi ke nan. Babu hayaƙi, babu dalma. Elvio ya buɗe hannuwa ya dube mu, fuskarsa kamar ta wanda ya gama gina coci. Sannan ya sa hannu a aljihun riga ya zaro wani harsashi da ya shafa wa jan fenti, ya ɗaga shi sama kowa ya gani, ya nuna allo, ya nuna damtsensa. Kowa ya gane: wannan mai ƙarfi ne, shi zai kai.

Sai na ji Baba Celso ya damƙe mini hannu. Ya kawo baki kunnena ya ce dalmar nan ba ta fita ba, tana maƙale a cikin bututu. In ya sa mai ƙarfi a bayanta, bindigar a fuskarsa za ta fashe.

Na duba, ashe duk 'yan kulob sun gani. Suka miƙe tsaye gaba ɗaya suna kaɗa hannuwa, suna kaɗa huluna, suna yanka wuyansu da yatsa, bakuna a buɗe babu sauti. Elvio ya ɗauka jinjina ce. Ya dafa ƙirji ya rusuna musu, ya rusuna wa na kan katanga. Mutum biyu suka tsallake shinge suka nufe shi a kan tsakuwa da sanɗa, suna ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya kamar balbela a fadama. Baba Celso ya jefa hularsa, ta faɗi a rabin hanya. Maza cike da rumfa, kowa ya san abin da zai faru, amma babu mai son a ce da muryarsa aka rufe kulob ɗin kakanni. Kowa yana duban na kusa da shi ko shi zai fara.

Na dubi baranda, ciyaman yana ta minshari, baki a buɗe. Na dubi ɗana, ya tura jan harsashi, ya rufe, ya kwantar da kumatunsa a jikin katakon bindigar.

"Elvio Bautista Gaspoz! Ajiye bindigar nan kafin na zo wurin!"

Ban san har yanzu ina da wannan muryar ba. Rabona da ita tun yana ɗan shekara bakwai. Ta ratsa abin toshe kunnen, ya saki bindiga ya miƙe tsaye, hannuwa a baya. Karnukan unguwa suka ɗauka. A baranda kuwa ciyaman ya zabura, gadon zango ya naɗe da shi a ciki, ƙafafunsa kawai ake gani suna harbin iska. Dariyar da aka danne tun ɗazu ta ɓalle gaba ɗaya, har mahauci ya kwanta a ƙasa.

Baba Celso ya ƙarasa da sandarsa, ya zare jan harsashin ya sa a aljihu, ya sa aka kawo sandar goge bututu. Aka yi ta bugu. Can dalma ta faɗo, a bayanta kuma wani dogon curin masara da ya gasu ya yi tauri. Tsohon ya ɗaga shi sama ya tambaya ko akwai wanda bai ƙoshi ba. Aka je aka ɗauko allon, fari fat, ko ƙuda bai sauka a kai ba. Ma'ajin kulob ya ce a mayar da shi sito, sabo ne.

Kowa ya zaci Elvio zai sunkuyar da kai. Ba su san shi ba. Ya cire tabarau ya ce yana so jama'a su shaida cewa harbi uku ya yi ciyaman bai motsa ba, a tambaye shi. Aka fito da ciyaman daga cikin gado, gashi a hargitse, ya ce gaskiya ne, bai ji komai ba, ya ma daɗe bai yi barci mai daɗi irin wannan ba, har mafarki yake ana gasa masara. Ya ce saboda haka ga hukuncinsa: kulob zai iya ci gaba da harbi lokacin barcin rana, amma da harsashin Gaspoz kawai.

Baba Celso ya ce, ranka ya daɗe, a kawo kwaɗon, shi da kansa zai sa. Za su jira na ƙasar waje ko da zai zo bayan ransa.

Sai fushi ya juyo kan ɗana. Mahauci ya share hawaye ya ce a dakata, akwai sauran magana. Ya ce shi yana wurin ranar taro, abin da Elvio ya ce shi ne in ciyaman ya farka, bai ce in bindiga ta tashe shi ba. Ga ciyaman nan tsaye a farke. Aka ce haka ne, haka ne. Irma ta leƙo ta katanga ta ce motar Rosario da ƙarfe shida take tashi, akwati kuma yana nan a goge.

Na dubi Elvio. Ya buɗe baki ya rufe, abin da ban taɓa gani ba. Ya dubi ƙofar zaure inda hoton kakansa yake, na san kuma abin da jinin gidansu zai sa shi ya ce. Amma idonsa ya faɗo kaina, sai na ga dabara ta shigo masa.

Ya ce shi namiji ne, maganarsa ɗaya, yau ɗin nan zai tafi, dama manyan kamfanoni suna nemansa a babban birni, Buenos Aires. Amma su dubi halin da uwarsa take ciki. Mace ta tashi tsakiyar jama'a tana kururuwa ba gaira ba dalili, alhali shi ya riga ya san dalma ta maƙale, gwada su kawai yake yi ya ga wa zai lura. Ya ce ya daɗe yana ganin alamun, jijiyoyinta ne suka taɓu, ko barci ba ta yi, tana jin ƙarar da babu ita. Wane ɗan halak ne zai tafi ya bar tsohuwa a haka?

Duk garin ya juyo yana kallona.

Ni a rayuwata ban taɓa suma ba. Haihuwa uku na yi, na binne miji, ko jiri ban yi ba. Ban ma san yadda ake yi ba. Na dai duba na ga ƙasa duk tsakuwa ce, sai na matsa wajen mahauci da yake shi ne mai faɗi, na dafe ƙirji, na kira sunan marigayi, na sulale.

Aka yi ta fifita. Ina jin ciyaman yana cewa a bar maganar rantsuwa, uwa ta fi rantsuwa, shi ya soke ta da ikon ofis. Na buɗe ido ɗaya kaɗan sai muka haɗa ido da Irma, tana tsaye a kaina da kofin ruwa. Ta san ni tun muna 'yan mata, ta san ƙarya nake. Ta sunkuyo kamar za ta ba ni ruwa ta ce a hankali, "Rufe idon, sakarya, ana kallo."

Kulob yana nan a kulle lokacin barcin rana, ana jiran saƙon surukin Baba Celso. An karɓe kayan haɗa harsashi an kai sito. Ni kuma yanzu a garin nan marar lafiya ce. A kanti ana ba ni kujera, a coci ana yi mini magana a hankali kamar ƙwai, an ma hana ni suyar empanada wai kada hayaniya ta tayar mini. Elvio ya karanta komai game da ciwon jijiya a waya, ya riga ya gyara wa likita takarda sau biyu. In muka fita da yamma yana riƙe da hannuna, duk wanda muka gamu da shi sai ya tsayar da shi ya gaya masa cewa da yanzu yana Buenos Aires ana damawa da shi, tsohuwar nan ce ta riƙe shi.

Sai na dafe ƙirji na ce haka ne.